Daga ina sunaye irin su Tal'udu, Alfindiki da Kabuga suka fito?

Tambaya: Malam, ni haifaffen Kano ne, amma akwai sunayen unguwanni da nake furtawa kullum ban san abin da suke nufi ba, kamar Tal'udu da Alfindiki da Mandawari. An kuma taɓa gaya mini cewa Ƙofar Kabuga ta samu sunanta ne ranar da Turawa suka buga ta da igwa, Kontagora kuwa daga "kwanta gora" ne, Argungu daga "ar, mu yi gungu". Shin waɗannan labaran gaskiya ne?

Amsa: Ɗan'uwa, tambayarka kashi biyu ce, kuma gara a raba su tun da wuri. Akwai sunayen da kunnen Bahaushe yake jin su baƙi domin asalinsu ba Hausa ba ne. Akwai kuma sunayen da aka ɗinka musu labari daga baya don su yi kama da Hausa. Na farkon suna da sauƙin warwarewa idan an san su wa suka zauna a wurin. Na biyun su ne masu wahala, domin labarin yakan yi daɗi a baki har mutum ya ƙi rabuwa da shi.

Bari in fara da Kabuga, tunda ita ce ke da hujja a rubuce. Gaskiya ne rundunar Turawa ƙarƙashin Kanar Molan ta ci Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903, lokacin Sarki Alu yana Sakkwato, kuma ta wannan ɓangare na ganuwa suka shigo. Amma sunan ya girmi wannan rana nesa ba kusa ba. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ambaci Ƙofar Kabuga a zamanin Sarki Muhammadu Nazaki, wanda ya yi mulki daga 1618 zuwa 1623, inda yake ba da labarin yadda Wambai Giwa ya faɗaɗa ganuwa daga Dukawuya zuwa Kabuga, daga Kabuga zuwa Kansakali. Ko da wani zai ce ai littafin daga baya aka rubuta shi, to ga wata shaidar: Bajamushen nan matafiyi Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarimu, ya zo Kano a 1851, ya lissafa ƙofofin birni, kuma Kabuga tana ciki. Shekara 52 ke nan kafin a harba igwar farko. Abin da ya faru shi ne mutane sun ga ƙofa mai suna kamar "ka buga", sun kuma san an taɓa buga ta, sai suka ɗaura wa abu biyun aure.

Lissafin nan na Barth ya warware wata rigimar ma. Da yawa suna zaton Nasarawa ta Kano ta samu suna ne saboda Nasara sun zauna a can. To Ƙofar Nasarawa ita ma tana cikin abin da ya rubuta a 1851, lokacin babu wani Bature mai mulki a ƙasar nan. Nasara ce ta cin yaƙi, fata ne na alheri, irin wanda Makama Dogo ya yi wa garin da ya kafa can kudu, wanda yau jiha guda take amsa sunansa. Da Turawa suka zo suka kafa barikinsu a gefen Nasarawa da Bompai, sai dacewar ta ƙara wa labarin ƙarfi.

Ka riƙe wannan ma'auni, zai yi maka amfani a ko'ina: idan an ba ka labarin asalin suna, fara tambayar wanne ya girmi wani, sunan ko abin da aka ce ya jawo shi.

Yanzu sunayen da ka ce ba ka gane ba. Cikin birnin Kano, musamman kewayen Kasuwar Kurmi wadda Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) ya kafa, kusan kowace unguwa tana gaya maka wanda ya sauka a cikinta. Alfindiki Larabci ne, daga alfunduƙ, wato masaukin fatake inda baƙo yake ajiye kayansa ya kwana. Nan fataken Arewacin Afirka, mutanen Gadamas da Tarabulus, suke sauka. Alkantara ma Larabci ne, ma'anarta gada, kuma ba abin mamaki ba ne a samu wannan suna a inda ake tsallaka Jakara. Dandalin Turawa kuwa yana rikita yara, suna zaton Ingilishi ne suka yi dandali a tsakiyar birni. A Hausar da, Bature shi ne farar fata na Arewa, wato Balarabe. Sai da Nasara suka zo sannan sunan ya koma kansu, unguwar kuma ta ci gaba da riƙe tsohuwar ma'anar.

Mandawari ya fi waɗannan tsufa, kuma ni yana cikin sunayen da suka fi burge ni a duk ƙasar Hausa. Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Yaji (1349 zuwa 1385) Wangarawa suka zo daga Mali, su kusan arba'in, shugabansu Abdurrahman Zaite, kuma ya jera sunayen wasu daga cikinsu. Akwai Mandawali, akwai Sheshe, akwai wanda aka kira limamin Jujin 'Yan Labu. Masana suna da saɓani kan lokacin zuwan nasu, wasu suna kai shi zamanin Rumfa, amma ka dubi abin da ba a saɓa a kansa ba: Mandawari da Sheshe da Zaitawa da Jujin 'Yan Labu duk unguwanni ne da ake shiga ana fita har gobe. Mutum ya rasu fiye da shekara ɗari biyar, babu hotonsa, da wuya a nuna maka kabarinsa, amma ɗan adaidaita yana kiran sunansa kowace safiya. Haka Sharifai, inda zuriyar Sidi Fari ɗan Shehu Magili suka zauna. Haka Kabara, wadda sunan tashar jiragen ruwan Tambutu ce a bakin kogin Kwara, inda kakan malaman gidan Kabara ya fito.

Da zarar ka gane wannan hanya, sauran suna buɗe kansu: Zangon Barebari, Tudun Nufawa, Agadasawa, Rimin Auzinawa. Ayagi ma haka ne, domin suna ne da ake kiran Yarabawa da shi a da, kuma fatakensu ne suka zauna a can. Bayan jihadi kuma gidajen Fulani suka bar nasu, kamar Yolawa da Dambazau da Daneji.

Tal'udu na zamani ne ƙwarai. Abin da dattawan wurin suke faɗa, kuma na gamsu da shi, shi ne wani kamfanin gine-gine na Ingila mai suna Taylor Woodrow ne ya yi sansanin aikinsa a wajen. Leburori da masu tallan abinci suna cewa za su wurin kamfanin, harshe ya tauna sunan ya tauna har ya zama Tal'udu, da hamza a tsakiya kamar wata kalmar Larabci. Na taɓa jin wanda ya dage cewa sunan wani waliyyi ne, kuma ba laifinsa ba ne, domin kalmar ta sa riga da rawani ta zauna daram. Irinsa suna da yawa. A Zariya akwai PZ, daga kantin Paterson Zochonis, akwai kuma Kwangila, daga aikin 'yan kwangila. Ƙofar Famfo a Kano ba ta cikin tsofaffin ƙofofi, an huda ta ne a zamanin Turawa saboda aikin ruwan famfo da aka jawo daga Challawa a farkon shekarun 1930. Gidan Waya a kudancin Kaduna yana tuna mana layin wayar tangaraho. Barikin Ladi a Filato sansanin masu haƙar kuza ne, ana cewa wata mata mai suna Ladi ce take sayar wa leburori abinci a wurin, alhali Birom masu ƙasar suna da sunansu na asali, Gwol.

Akwai wani rukuni da yake ba ni tausayi: sunayen da Hausa ce tsantsa, amma mu ne muka yi nisa da ita. Tambayi matashi a Ɗorayi me sunan unguwarsu yake nufi, da wuya ya ce maka jam'in ɗorawa ne. Giginyu jam'in giginya ne. Kawo, a Kaduna da Kano, itace ne. Kurna itace ce. Kurmi kuwa duhuwar itatuwa ce ta bakin rafi, abin da yake wurin kafin a kafa kasuwa. An sare itatuwan, an yi bulo da kwano, tsohon jam'in ma ya fita daga bakin yara, sai sunan ya zama kamar wani baƙon abu. Inda aka haɗa itacen da mutum ko sana'a ya fi saurin ganewa: Durumin Iya, Rimin Gado, Cediyar 'Yan Gurasa, Tsamiyar Boka, Gawon Nama a Sakkwato. Har Kukawa ta Barno, wadda Shehu Laminu ya kafa a 1814, kuka ce ta ba ta suna. Wanda yake son sanin yadda dajin Kano yake kafin gari ya cinye shi, ya zauna ya jera sunayen unguwanni, zai ga irin itatuwan da muka rasa.

Haka kalmomin zama da tsaro. Kafi shi ne shingen itace da ake kewaye gari da shi inda ba a kai ga yin ganuwa ba, shi ya ba mu Kafin Hausa da Kafin Madaki da Kafin Soli, shi ne kuma Turawa suka rubuta Keffi. Gandu babbar gona ce ta sarki ko ta gida, daga nan Gwandu ta fito, da Gandun Albasa. Ranar kasuwa ta ba mu Talatar Mafara da Ladin Makole da Larabar Abasawa. Yola daga Fulatanci ne, yolde, wato tudu, inda Modibbo Adama ya zauna a 1841. Wasu sunayen kuma suna ɗauke da abin da ba kowa yake son tunawa ba. Rinji ko runji ƙauyen bayi ne masu noma gonar ubangidansu, Fulani suna ce masa rumde. Idan ka ji Runjin Sambo a Sakkwato, ko Rumde a Yola da Garwa ta Kamaru, to tarihin da ke ƙarƙashin sunan ke nan. Ba na ganin dalilin ɓoye wannan. Mutanen da suka yi noman nan sun rayu, sun haifa, kuma sau da yawa sunan wurin ne kaɗai abin da ya rage yana shaida cewa sun wanzu.

Mu dawo kan Kontagora da Argungu, inda na san za a ja da ni.

Labarin Kontagora sananne ne: Umaru Nagwamatse, jikan Shehu ta wajen Sarkin Musulmi Atiku, ya iso wurin da mutanensa, ya ce a kwanta gora, wato a ajiye goran ruwa an zo wurin zama. An kafa garin a 1864. Ba zan ce ƙarya ne kai tsaye ba, domin lokacin bai yi nisa ba kuma masu kafa garin Hausa suke ji. Amma ina da abu biyu da suke sa ni taka-tsantsan. Na ɗaya, ƙasar ta Kambari ce tun kafin Nagwamatse ya taka ta. Na biyu, kogin da ke wurin shi ma Kontagora ake ce masa, kuma a al'ada kogi yakan riga gari samun suna. Dubi Kaduna: kogin yana nan da sunansa tun kafin Lugga ya taso da hedikwata daga Zungeru a 1917. Mu muna cewa jam'in kada ne, Gbagyi kuma suna cewa daga kalmarsu ta kogi ne, kuma duk mai adalci dole ya saurare su tunda su aka tarar a bakin ruwan. Don haka kafin in sa hannu a kan "kwanta gora", sai an je an tambayi tsofaffin Kambari yadda kakanninsu suke kiran wannan ruwa.

Na Argungu ya fi rauni a wurina. An ce Kabawa ne, bayan an ci Birnin Kabi a 1805 sun watse, suka ce "ar, mu yi gungu", wato mu taru wuri guda. To amma gungu tana da wata ma'ana da duk mutumin bakin kogi ya sani: tsibiri, ko tudun da ruwa yake kewayewa. Ita ce a cikin sunan Gungawa na ƙasar Yawuri, mazauna tsibiran Kwara, kuma Zabarmawa ma haka suke kiran tsibiri. Ɗaya daga cikin biranen Kanta kansa, tare da Surame da Leka, sunansa Gungu, ƙarnuka kafin jihadi. Gari yana bakin fadama, a ƙasar da aka saba sa wa wurare wannan suna, me zai sa mu tsallake ma'anar da ke gabanmu mu tafi neman wata jimla da wani ya furta cikin ɓacin rai?

Ka lura da siffar irin waɗannan labarai, kusan duk ƙira ɗaya ce. Wani sarki ko maharbi ya iso wuri, ya faɗi wata magana, sai maganar ta zama sunan gari. Ko kuma a raba sunan gida biyu a ce miji da mata ne, kamar Haɗe da Jiya a Haɗejiya, ko a ce maharbi ne mai suna Ma a Dutsin-Ma, ko Baushe a Bauci. Wasu daga ciki za su iya zama gaskiya. Amma idan ka duba sunayen da muke da tabbacin asalinsu, za ka ga mutane ba haka suke raɗa wa wuri suna ba. Ba a taruwa a yanka rago. Masu wucewa ne suke cewa "mu haɗu a gindin rimin nan", ko "na sauka wajen Barebari", har abin ya bi baki. Shi ya sa idan suna ya fito daga itace ko kasuwa ko ƙabila ko sana'a nakan karɓa da sauri, idan kuwa aka ce daga wata magana ce da aka yi sau ɗaya, sai in nemi ƙarin shaida. Na Jos ma da ake yaɗawa, wai haruffan farko ne na wata jimlar Turanci ta 'yan mishan, ba shi da tushe. Sunan ƙauyen da aka tarar a wurin ne, Gwash, bakin baƙi ya mai da shi Jas, Bature ya rubuta yadda ya ji.

Kada ka ɗauka ina cewa a watsar da labaran. Labarin "ar, mu yi gungu" ko bai gaya maka asalin sunan ba, ya gaya maka yadda Kabawa suke kallon kansu: mutanen da aka tarwatsa suka sake haɗuwa suka ƙi miƙa wuya. Wannan ma tarihi ne, kuma mai daraja. Kuskuren shi ne a ɗauke shi a matsayin amsar tambayar da ba ita yake amsawa ba.

Akwai kuma inda labarin mutum ɗaya yake gaskiya dumu-dumu, saboda an san mutumin an san shekarar. Abuja ce babban misali. Da jihadi ya ci Zariya, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya yi kudu zuwa wajen Zuba. Bayan rasuwarsa ɗan'uwansa Abubakar, wanda ake ce wa Abu Ja saboda hasken fatarsa, ya kafa gari a 1828, aka kira shi da sunansa. A 1976, zamanin Janar Murtala, aka yanke shawarar gina sabon babban birnin tarayya, aka ɗauki sunan aka ba shi. Tsohon garin sai aka yi masa sabon suna a kan ƙirar na farko, daga sunan sarkin lokacin, Sulaimanu Barau, ya zama Suleja. Haka Mai Wurno da ke Sudan kusa da Sinnar: Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, shi ya kai jama'a can bayan yaƙin Burmi na 1903, garin ya ɗauki laƙabinsa, laƙabin kuma yana ɗauke da sunan Wurno ta Sakkwato. Fatake ma sun yi irin wannan, suka kai kalmar zango har Kumasi da Ankara a ƙasar Gana, suka kai Sabon Gari har Ibadan inda ya taƙaice ya zama Sabo.

Wani abin da ke ƙara dagula lissafi shi ne rubutun Turawa. Sakkwato ta zama Sokoto, Tsafe ta zama Chafe, Dungurum ta zama Zungeru. A Nijar Faransawa suka rubuta Dogon Dutsi da Tasawa da irin haruffansu har mai karatu daga Najeriya ya kasa gane cewa Hausa ce. Rubutun boko kuma ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali, shi ya sa za ka ji yaro yana tambaya ko wani wada ne ya zauna a Tudun Wada, alhali wada ce ta wadata. Saboda haka kada ka taɓa fassara suna daga allon kan titi. Ka ji shi daga bakin tsohon da aka haifa a wurin.

Idan kana son bin diddigin sunan unguwarku da kanka, ga yadda nake ba ɗalibai shawara. Fara da mai unguwa da limami, amma kada ka tsaya nan, domin su sau da yawa labarin gidan sarauta suke riƙe da shi. Nemi tsofaffin mata, su ne suka fi riƙe tsohon lafazi da waƙoƙin daka da na biki inda sunayen wurare suke fitowa yadda suke a da. Nemi masu tsohuwar sana'a a wurin, maƙera ko marina ko mahauta. Tambayar da ta fi amfani ba "me sunan nan yake nufi" ba ce, domin wannan tana sa mutum ya ƙirƙiro maka amsa don kada ya ji kunya. Ka tambaya: su wa aka tarar a nan, wane itace ne ko rijiya ko kududdufi yake wurin, kuma akwai wani suna da ake kiran wurin da shi kafin wannan? Idan akwai wata ƙabila da ta riga Hausawa zama, je ka ji nasu sunan.

Daga nan sai takardu. A Kano akwai Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa. A Kaduna akwai Gidan Arewa da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa, inda rahotannin da jami'an Turawa suka rubuta kan gundumomi don tsara haraji suke, kuma a cikinsu akan sami sunayen ƙauyuka da abin da dagatai suka faɗa game da kafuwarsu shekara ɗari da suka wuce. A Sakkwato akwai cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu. Ka karanta su da lura, domin ta bakin tafinta aka rubuta yawancinsu, kuma tafinta ma yakan gyara labari. Idan ka samu ruwaya biyu da suka saɓa, rubuta kowacce daban, da sunan wanda ya ba ka da shekarunsa da unguwarsa, kada ka narka su su zama ɗaya. Ka kuma ɗauki muryar tsohon a waya yana furta sunan, saboda wanda zai zo bayanka ya ji karin sautin da takarda ba za ta nuna masa ba.